Telan da Ya Yi Sammako

A wani gari na bakin titin mota akwai wani mutum, tela, mai mata ɗaya da 'ya ɗaya. Sunan 'yar Afiniki, saboda haka Baban Afiniki kowa yake ce masa, har sunansa na baftisma ya kusa ɓacewa. Mutum ne mai zuwa sujada a kan lokaci, ba ya rage yadin mutane, in ya ce maka Asabar to Asabar ɗin ce, abin da ba kowane tela ake shaida da shi ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma irin aibin nan ne da ba a kai mutum gaban dattawan ikilisiya a kansa. Bakinsa yana da nauyi wajen cewa "yi haƙuri".

Yana da ƙane, Irmiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka tashi a ƙauye, a gidan ubansu, gidan ƙasa mai zaure da rumbuna da tsamiya a tsakar gida. Da telan ya koma gari, Irmiya ne ya zauna da tsohuwarsu bayan rasuwar uban. Daga baya noma ya ƙi, Irmiya ya sami aikin tuƙi a can kudu, ya kawo tsohuwar wurin yayansa, ya rufe gidan ya tafi. Gidan ƙasa kuwa, in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, ruwa ba ya jin kunyarsa. Ranar da tsohuwar ta rasu aka kai ta ƙauye binnewa, sai aka tarar da tsibin ƙasa a inda zaure yake, tsamiyar kaɗai ke tsaye. Nan telan ya juya ya dubi ƙanensa a gaban masu makoki ya ce, "Kai ka bar gidan ubanmu ya zama kufai."

Irmiya ya tsaya har aka gama addu'a, ya hau mota ya koma kudu. Tun daga ranar ba su yi faɗa ba, ba su kuma yi hira ba. Gaisuwar Kirsimeti ce kawai a waya, ya iyali, lafiya lau, a gaida yara. Telan ya san bai kyauta ba. Maganar tana cinsa, musamman in ana waƙar da tsohuwar take so a majami'a. Amma ya buɗe baki ya roƙi ƙanensa gafara, wannan ya gagare shi.

Wata rana da tsakar rana yana shago, yana duba sababbin ɗinkunan mata a waya, sai talla ta faɗo a tsakiyar bidiyon. Tallar wani wasa ce da ake yi ta intanet, sunansa Tungar Kowa. A wasan nan ba a faɗa, ba a cin kowa, ba a faɗuwa. Fili ake ba mutum, ya haƙi ƙasa, ya sari itace, ya gina abin da ransa yake so, wasu mutane daga garuruwa dabam-dabam su ma suna nasu ginin a gefensa. A tallar an nuna kogi da kwalekwale, an nuna dawa ta fitar da kai iska tana kaɗa ta, hayaƙi yana tashi daga madafa, kaji suna tono. A ƙarshe aka nuna mutum biyu a kan tabarma a gindin itace suna hira da muryarsu ta gaske, alhali ɗaya yana arewa ɗaya yana bakin teku. Wata murya mai laushi ta ce, "Gina gidanku na dā. Kira naka, ku zauna tare." Sai manyan baƙaƙe suka cika wayar: KU YI SAMMAKO, KU RIGA KOWA. A ƙarƙashinsu akwai wani rubutu siriri kamar zare, wanda ya ce ana kan aikin wasan, wasu abubuwan ba su iso ba tukuna.

Kada wani ya ce bai ga ƙaramin rubutun ba. Ya gani sarai, mutumin da yake zura zare a allura ba ya rasa ganin irin wannan. Amma hankalinsa yana kan mutum biyun nan na gindin itace. Nan take dabara ta zo masa. Zai gina gidan ubansu a cikin wasan, ɗaki bayan ɗaki, yadda yake kafin ruwa ya ci shi. In ya gama sai ya kira Irmiya ya shigo, su zauna a gindin tsamiya. Irmiya zai duba ya gane abin da ake nufi, shi ke nan an shirya, ba tare da yaya ya sunkuyar da kai ya furta kalmar nan mai nauyi ba. Ya biya abin da suka ce, ya shiga cikin waɗanda masu wasan suke kira Masu Sammako.

Abin da ya tarar, jan fili ne fetal. Kogin yana nan, amma shuɗin layi ne kawai, in ka matsa kusa sai ƙafarka ta kafe. Ba dawa, ba kaji, ba hayaƙi. Itace iri ɗaya ne a duk ƙasar, mai kama da lema. Mutanen da ke yawo duk fuskarsu ɗaya, rigarsu ɗaya. Akwai akuya, amma akuyar tana ratsa bango ta wuce kamar ba bango. A gefen wayar ya ga wata 'yar ƙofa an rubuta mata "Gayyaci baƙo", ya danna ta da sauri, sai ta ce masa, "Nan gaba kaɗan."

Da ya koma gida ya nuna wa matarsa tallar, ya kuma nuna mata filin, yana ƙorafi. Ita kuwa tana tsince shinkafa a faranti, ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Baban Afiniki, me suka ce muku? Masu me?"

"Masu Sammako."

"To ai sun faɗa maka gaskiya. Ka taɓa yin sammako zuwa gidan biki?"

Ya ce bai taɓa ba.

"Mu 'yan zumuntar mata mun san shi. Wadda ta yi sammako ba shinkafa ake zuba mata ba. Buhun albasa ake turo mata da wuƙa. Ku maza sai an sauke tukunya kuke zuwa da babbar riga, shi ya sa kuke zaton sammako kujerar gaba ce."

Ya ce ai wannan dabam ne, ita ba ta gane harkar waya ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Sai ya fara gini. Duk lokacin da aiki ya lafa a shago, ya ture keken ɗinki ya ɗauki waya. Ya haƙi ƙasa da ɗan yatsa, ya jera tubali, ya tayar da zaure mai ƙofa biyu. Ya yi ɗakin uban, ya yi na tsohuwar da murhunta a bakin ƙofa, ya yi ɗan ɗakin da shi da Irmiya suke kwana a kan tabarma ɗaya suna ƙwace bargo. Tsamiya babu a wasan, sai ya dasa itacen nan mai kama da lema ya ce a ransa za su kawo tsamiya nan gaba. Masu wasan kuma kullum suna roƙon Masu Sammako su faɗa musu abin da ya lalace. Telan mutum ne mai cika aiki, ya riƙa rubuta musu: akuya tana ratsa bango, rumbu yana shawagi a iska, ƙofar zaure tana buɗewa ta baya. Albasar ke nan yake yankawa, bai sani ba.

Akwai wani zaure a intanet inda 'yan wasan suke taruwa su yi magana, can ma yakan leƙa. Kullum rigima ɗaya ce. Wasu su ce an yaudare su, an nuna musu kogi an ba su layi. Wasu su ce ai an rubuta ana kan aiki, wanda bai karanta ba shi ya so. Masu wasan su fito su ce, "Muna jin ku. Mun gode da haƙurinku." Bayan 'yan kwanaki su sake sakin wata sabuwar talla, wadda ta fi ta farko kyau, har da kasuwa da raƙuma, alhali akuyar tana nan tana ratsa bango. Gaskiyar magana, kowane ɓangare yana da nasa laifin. Masu talla sun rubuta mafarkinsu da manyan baƙaƙe, gaskiyarsu da ƙanana. Masu saye kuma kowa ya ɗauki abin da ke damunsa ya cusa a cikin tallar, ya ce shi aka yi masa alkawari.

Ana cikin haka, wajen kaka, wayarsa ta yi ƙara. Irmiya ne, kuma ba Kirsimeti ba.

"Yaya, barka da aiki. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya jikin naka, sugan ya sauka?" Ya san ƙanen nasa yana fama da ciwon suga, iyakar abin da ya sani ke nan.

"Da sauƙi. Yaya, ina so in zo in gan ka."

Telan ya yi marmarin ƙanensa ƙwarai. Amma ya tuna rumbuna ba su kammala ba, ƙofar baƙo kuma tana nan a kan nan gaba kaɗan. In Irmiya ya zo yanzu, dole a zauna ido da ido, ba abin da zai tsaya a tsakaninsu sai maganar nan. Ya ce, "Bari tukuna. Akwai abin da nake shirya maka. In ya kammala ni da kaina zan kira ka."

Irmiya ya ce, "To, Yaya."

Ba a daɗe ba, ya buɗe wasan wata safiya ya tarar da jan fili. Ba zaure, ba murhu, ba komai. Masu wasan sun rubuta cewa sun gyara ƙasar gaba ɗaya don ta fi kyau, dole aka share ginin kowa, sun kuma gode da haƙurinsu. Telan ya zauna riƙe da waya. Abin da ya ji ranar binne tsohuwa, shi ya sake ji, sai dai yau ba ƙane a kusa da zai ɗora wa laifi. Rabin maƙwabtansa na cikin wasan suka yi fushi suka tafi. Shi kuwa washegari ya sake haƙar ƙasa.

Gini na biyu bai yi masa daɗin na farko ba. Ya san inda kowane tubali zai zauna, hannu ne kawai yake aiki. Kirsimeti ta matso, yadin mutane ya taru a shago, telan da ake yabo da cika alkawari ya fara cewa a dawo jibi. Wata dattijuwa ta zo karɓar zanenta sau da yawa, a ƙarshe ta ce a ba ta yadinta haka nan ta kai wani wuri. Wuyansa ya riƙa ciwo saboda sunkuyo. Ba ya jin daɗin wasan, ba ya kuma iya barinsa, don in ya bari to duk wahalar baya ta tashi a banza.

Bayan Ista Irmiya ya sake kira.

"Yaya, maganar zuwan nan. Ina so in gan ka fa."

Ya ɗan ja kalmar "gan", amma telan bai lura ba. A bakinmu "ina so in gan ka" magana ce ta kullum. Mai kawo katin biki yana faɗarta, mai neman shawara yana faɗarta, fasto ma in ya tare ka bayan sujada ita yake faɗa. Wa zai tsaya ya auna ta?

Ya ce, "Saura ƙiris, Irmiya. Ka ƙara haƙuri."

Sai da ya ajiye wayar ya ji maganar tasa ta yi masa kama da ta wasu, amma ya kawar da tunanin. Matarsa tana bakin ƙofa, ta ji komai.

Ta ce, "Ka ce masa ya zo mana."

"Ina za mu sa shi? Ɗakin baƙi ba rufi." Gaskiya ne akwai wani ɗaki a gidan da aka kai linta aka tsaya shekara da shekaru, har ciyawa ta fito a cikinsa.

"Ɗakin Afiniki fa? Tana makaranta, ba kowa a ciki."

Ya ɗauki wayarsa ya koma gini. Ita kuwa ba ta ƙara ba, don ta zauna da shi ta san inda maganarsa take ƙarewa.

Damina ta sauka, masu wasan suka sake gyara ƙasa, suka sake share ginin kowa, suka sake godiya. Wannan karon telan bai ko yi fushi ba. Gajiya ta wuce wurin fushi. Ya sake tayar da zaure, ya sake murhu, ya sake dasa lemar nan a matsayin tsamiya. A zauren 'yan wasa masu rigima sun ragu, ba don an shirya ba, sai don yawancinsu sun tafi.

Sai wata rana, bayan an yi girbi, ya danna 'yar ƙofar nan kamar yadda ya saba dannawa ba tare da sa rai ba, sai ta buɗe. Ba kogi har yanzu, ba dawa, ba kaji, amma ana iya gayyatar baƙo. Ya tashi tsaye a shago har almakashi ya faɗi. Ya kira Irmiya yana haɗa kalmomi: ya sauke wasa kaza a wayarsa, ya danna wuri kaza, zai ga abin mamaki.

Irmiya ya bar shi ya gama. Sa'an nan ya ce, "Yaya, ya kammala ke nan?"

"Ya kammala."

"To gara in zo da kaina."

Ran Asabar da yamma keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gidan. Matar Irmiya ce ta fara sauka, ta zagaya ta kama gwiwar hannun mijinta. Irmiya ya sauko a hankali, yana laluben ƙasa da ƙafa, da baƙin tabarau a fuskarsa. Matar telan ta gani daga tsakar gida, ta sa hannu ta rufe bakinta. Telan kuwa ya ɗauka tabarau ɗin gayun kudu ne. Ko gaisuwa ba su gama ba ya tura masa wayar a hannu.

"Duba nan. Duba ka gaya mini ina ne wannan."

Irmiya ya karɓi wayar, ya cire tabarau, ya kai ta dab da fuskarsa. A juye ya riƙe ta, zauren yana ƙasa, filin yana sama. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya ce, "Haske nake gani, Yaya. Haske kawai."

Telan ya dubi idanun ƙanensa, sai yanzu ya dube su.

"Tun yaushe?"

"A hankali ya zo. Sugan ne. Lokacin da na fara kiranka na ajiye tuƙi, amma ina karanta littafin waƙa in na matso da shi. Kira na biyu ban iya karatu ba, amma ina gane fuska."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa, Yaya. Na ce ina so in gan ka." Ya miƙo wayar wajen da yake jin muryar. "Sauran kuma ni na hana matata ta faɗa wa matarka. Ban so ka ce in zo don tausayi ba."

Ba wanda ya yi kuka da ƙarfi. Matan biyu suka ɗauki kaya suka shige ciki. Telan ya rasa inda zai sa kansa, ya kama hannun ƙanensa, ƙafarsa ta kai su ɗakin nan marar rufi, don nan ne inuwa take da yamma. Ya share ciyawa da ƙafa, ya zaunar da shi a kan bulo, shi ma ya zauna a kan wani.

Irmiya ya ce, "To, mene ne ka gina? Nuna mini da baki."

Telan ya kifa wayar a ƙasa ya fara. Ya ce zaure mai ƙofa biyu. Ya ce in ka shiga, ɗakin Baba yana dama, rumbun dawa yana gabansa.

"A'a," in ji Irmiya. "Na gero ne a gaban ɗakin Baba. Na dawa yana bayan na Mama, inda kazar nan mai wuyan tsirara take ƙwai."

"Haka ne. Na manta da kazar."

"Wadda ta kore ka har ka faɗa cikin turmi."

Suka yi dariya, irin dariyar da ba ta da ƙarfi. Suka bi gidan ɗaki ɗaki, wannan ya sa tubali wancan ya gyara, har suka iso gindin tsamiya. Kafin inuwa ta kai ɗaya bangon sun gama gidan da telan ya yi ta ginawa ana sharewa, kuma da baki kawai, abin da za su iya yi a waya tun ranar kira na farko. A gindin tsamiyar ne maganar ta ƙare, ba sauran abin da za a ɓuya a bayansa.

Telan ya ce, "Irmiya, ba kai ka rushe gidan nan ba. Ruwa ne. Ni ma ɗan gidan ne, ban je na yi yaɓe ba. Na kunyata ka a gaban mutane. Ka yi haƙuri, ka yafe mini."

Irmiya ya ce, "Na daɗe da yafewa, Yaya. Abin da na so in zo in faɗa maka ke nan, ina kallon fuskarka."

Ba zan ce muku idon ya buɗe ba, domin bai buɗe ba. An shirya, an ci tuwo tare, Irmiya ya kwana a ɗakin Afiniki da aka ce ba wurin sa shi. Amma fuskar yayansa, wadda ya roƙa har sau biyu, bai sake ganinta ba.

To, ma'anar misalin nan ba ta da nisa, ga ta.

Duk wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu, sammako ya yi. Bikin yana zuwa, wannan tabbas ne, amma ba a sauke tukunya ba tukuna. Ikilisiyar da kuka shigo ɗaki ce da aka kai linta. Akwai gulma a cikinta, akwai masu fushi a kan kujera, akwai addu'ar da aka daɗe ana yi amsarta tana nan gaba. Mutum yakan shigo da babbar riga yana neman kujerar gaba, a miƙa masa wuƙa da albasa, ya ce an yaudare shi, ya tafi. Mun ga irinsu da yawa, har mun gaji da ƙirga kujerun da suka bari.

Wani lokaci kuma da gaskiyarsu, an yaudare su ɗin. Akwai masu wa'azin da suke tallar Mulkin Allah yadda aka yi tallar Tungar Kowa. Su rataya ƙyalle a bakin titi, su rubuta cewa daga yau ba ciwo, ba talauci, ba hawaye, sauran maganar kuma su bar ta a ƙaramin rubutu ko su share ta gaba ɗaya. Ubangijinmu bai yi haka ba. Bai ɓoye gicciye a ƙasan talla ba, a sama ya sa shi da manyan baƙaƙe tun kafin kowa ya bi shi. Kuma ga inda ya bambanta da masu wasan nan: su suna iya gajiya su rufe su tafi, suna iya share wahalar mutum su ce sun gode. Shi ba ya share abin da aka gina cikin ƙauna, kuma abin da ya fara zai gama. Saboda haka in an miƙa maka albasa, ba cuta ba ce. Alama ce cewa kai ɗan gida ne, ba ɗan cin shinkafa ba.

Amma ba don wannan kaɗai na kawo muku labarin telan ba. Kun lura da abin da ya faru da bakinsa? Mutumin da aka yi ta ce wa "nan gaba kaɗan" har ya gaji, shi ne ya juya ya ce wa ƙanensa "saura ƙiris". Abin da ya ƙi jini a wurin masu talla, shi ya yi wa ɗan uwarsa. Ya yi alkawarin wani babban abu da zai zo, ya hana ƙaramin abin da yake hannunsa a ranar, wato ya ce, zo.

Haka muke yi. Sai na sami aiki zan je in gaida Baba. Sai na rufe ɗakin zan kira su. Sai zuciyata ta huce, sai na san yadda zan fara maganar, sai na gyara halina zan dawo sujada. Muna so mu bayyana a gaban mutane, har a gaban Allah, a kammale kamar talla. To, ba wanda yake a kammale a cikinmu, daga mai koyarwa har mai saurare. Allah bai jira ka yi rufi ba kafin ya shigo wurinka. A kan bulo ya zauna, cikin ciyawa. Ta yaya kai za ka ce wa ɗan'uwanka ya jira?

Kuma wanda kake sa shi jira ba ya tsaye wuri ɗaya. Kai kana gini, shi kuwa wani abu yana raguwa a wurinsa wanda bai faɗa maka ba, ko ido, ko ƙarfi, ko kwana. Gafara tana iya zuwa a makare ta karɓu, kun ga ta karɓu a wurin Irmiya. Amma akwai abin da jinkiri yake ci wanda gafarar ma ba ta dawo da shi.

Na san yawancinku akwai waya a aljihu, na kuma san tun ina tsakiyar labarin nan wani suna ya faɗo muku a rai. In an tashi daga nan, kafin a zauna cin abinci, ku kira shi. Kada ku shirya masa komai. In ya ce yana so ya gan ku, ku ce masa ya taho, ɗakin ba rufi amma akwai inuwa.